Yadda nake leƙa suwic ɗin Magarya ina zaune a Damagaram

Mafi yawan wuraren da ake kirana aikin rezo a garin nan, biro ne ko lakwal mai zaman kanta ko ƙaramar likita ko ONG, in ka buɗe kofre ɗinsu za ka tarar suwic ɗin, wato akwatin da kabul ɗin rezon gidan ke haɗuwa a jikinsa, mai kyau ne, irin wanda ake shiga cikinsa a saita shi, tsohon Cisco 2960 da aka sayo sakan, ko MikroTik, ko TP-Link mai ɗan wayo, kuɗi dai an kashe, amma tun ranar da aka fiddo shi daga kwali aka cusa mishi kabul babu wanda ya taɓa shiga. Ba shi da suna, ba shi da adireshin IP, agogonsa na cewa yau 1 ga Maris 1993. Shi kuwa abin nan ya san kome da ke faruwa a cikin gidan, ya san wace ƙofa ce ke faɗuwa tana tashi, ya san sau nawa kuran ya tafi, ya san fankarsa ta tsaya, ba wanda ya tambaye shi ne kawai. Sai rezo ya mutu sannan patoro ya kira ka yana faɗa wai intanet ba ta aiki, kai kuma ka hau moto da rana tsaka ka tafi neman abin da na'urar ta sani tun shekaranjiya.

To in cikin gari ne, daga Sabon Gari zuwa Birni ko Zango, da sauƙi. Amma wanda ke da reshe a Magarya ko Matamai ko Tanut ko Gure ya san kuɗin isansi da wunin da ake asara don kawai ka je ka tarar kabul ɗaya ne ya saki. Shi ya sa yanzu duk inda na karɓi aiki, kafin in taɓa maganar Wi-Fi da kowa ke ɗoki, sai na fara gyara hanyar da ni zan riƙa shiga suwic ɗin da kuma hanyar da shi zai riƙa ba ni labari.

Farko dai dole ka je da ƙafarka, wannan ba makawa. Ka ɗauki kabul ɗin konsol, wannan shuɗi mai faɗi da ke zuwa da Cisco, kansa ɗaya RJ45 ɗayan kuma ka haɗa da adaftar USB don ordinatar ɗin yanzu ba su da tsohuwar ƙofar seri, ka buɗe PuTTY, manhajar da ake buga ma suwic umarni da ita, ka sa gudu 9600, ka danna Enter sau biyu sai ka ga Switch> ya fito. In ka ga wasu haruffa na shirme suna zubowa to gudun ne bai yi daidai ba, MikroTik misali 115200 yake so. Ka ba shi suna mai ma'ana, sunan gari da ɗaki, kamar MGY-KWANTA-01, kar ka bar shi Switch ɗinsa, don ranar da kake da goma dukkansu Switch za ka rubuta ma na Tanut abin da ka yi niyyar rubuta ma na Mirya.

Sai VLAN na gudanarwa, VLAN wato ɓangaren rezo da ake warewa daban a cikin suwic. Ni ba na barin adireshin suwic a VLAN 1 inda kowa yake, har da wayoyin baƙi da ke kama Wi-Fi a bakin ƙofa. Nakan buɗe wani daban, a ce 99, in ba shi adireshi a can da interface vlan 99, kuma in tabbatar ya bi ta kan trunk, wato layin da ke ɗaukar VLAN da yawa tare, har zuwa rutar. Abin da na fi ganin yara masu sitaj suna mantawa shi ne ip default-gateway, wato adireshin rutar da suwic zai bi ya maido amsa waje. In kana cikin ɗaki ɗaya da suwic ɗin kome zai yi aiki lafiya, ping na tafiya na dawowa, ka yi murna ka tattara kayanka, sai ka koma gida ka gwada shiru, saƙonka na isa amma shi bai san ta ina zai maido amsa ba. Layi ɗaya ne tak, amma rashinsa tafiyar Magarya ce.

Telnet kuwa, tsohuwar hanyar shiga na'ura ta rezo, a kashe shi kawai. Duk abin da ka buga ta ƙofarsa ta 23 (nan lamba ce ta hanya a rezo, ba ƙofar cusa kabul ba) yana tafiya tsirara, har modapas ɗinka, yaron da ya koyi Wireshark, manhajar leƙen abin da ke wucewa a rezo, a YouTube sati ɗaya zai karanta shi. SSH ake so, wanda ke ɓoye abin da ka buga, ƙofar 22. A Cisco sai ka sa hostname da ip domain-name tukun, sannan crypto key generate rsa ka zaɓi 2048, tsohon 2960 zai ɗan yi nishi kafin ya gama, ka yi haƙuri, sai ip ssh version 2, sai ka ƙirƙiri mai shiga da username da secret, ba password ba, don secret ne ake niƙewa, password mai lamba 7 ɗin nan da mutane ke gani a konfig su ɗauka an ɓoye shi akwai shafuka barkatai da ke warware shi cikin daƙiƙa. Sannan a line vty 0 15, wato layukan da ake shiga ta su daga nesa, ka sa login local da transport input ssh. Ka lura 0 zuwa 15 na ce, mutane da yawa suna gyara 0 zuwa 4 su bar sauran yadda suka zo. In umarnin crypto ya ƙi shiga gaba ɗaya, duba show version, in babu k9 a sunan IOS ɗin, wato manhajar da suwic ke aiki da ita, to wannan ba shi da SSH sam, sai an sake mishi wani.

Wani abu da zai ba ka haushi: ordinatar ɗinka sabo, suwic ɗin tsoho, su ƙi fahimtar juna. Tun OpenSSH 8.8 na 2021, wato manhajar SSH ta ordinatar, aka kashe tsohon tsarin makulli na ssh-rsa ta asali, sai ka ga yana ce maka no matching host key ko no matching key exchange. Ba lalacewa ya yi ba, ka ƙara mishi HostKeyAlgorithms +ssh-rsa da KexAlgorithms +diffie-hellman-group14-sha1 a fayil ɗin config, ga wannan suwic ɗin kaɗai, kar ka buɗe ma duniya duka.

Bayan nan sai access-class a kan layukan vty, wato jerin adireshin da aka yarda su ƙwanƙwasa ƙofa, na sarbar sa-ido da na tinel ɗinka, wato rufaffiyar hanyar shiga daga nesa da zan yi bayaninta a gaba, shi kenan. Nan ne wurin da mutum ke iya rufe kansa a waje in yana aiki daga nesa, lamba ɗaya ta kauce a jerin sai ka ga allon ya daskare. Maganinsa reload in 10. Ka buga shi kafin ka taɓa duk wani abu mai haɗari, kar ka yi write, wato kar ka adana, ka yi canjinka, in ka ga har yanzu kana ciki ka buɗe wata taga ka sake shiga don ka tabbatar, sannan reload cancel sannan write memory. In kuwa ka yanke kanka, ka je ka sha shayi, bayan minti goma zai tashi da tsohon konfig ɗinsa, ƴan biro za su yi gunaguni na minti biyu uku su manta. Masu MikroTik nasu Safe Mode ne, maɓalli ne a saman Winbox, manhajar saita MikroTik, ko Ctrl+X a taminal, in haɗin ya tsinke yana warware abin da ka yi da kansa. Wallahi wanda ya ƙirƙiro wannan abu Allah ya saka mishi.

Yanzu maganar sa ido, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan.

Kafin kome agogo. Tsoffin suwic da yawa ba su da batirin riƙe lokaci, duk sanda kuran ya tafi ya dawo sai su koma 1993, kuma log ɗin da ba lokaci a jikinsa ba abin da zai tsinana maka. Ka sa ntp server, wato inda zai riƙa ɗaukar lokaci, rutar ɗinka ma ya isa, ka sa clock timezone WAT 1, ka sa service timestamps log datetime localtime. Sai logging host zuwa sarbarka ta UDP 514, saboda log ɗin da ke cikin suwic a RAM yake, wuta na tafiya ya goge, kuma daidai abin da ya faru kafin ya mutu shi kake nema. Matakan syslog, wato wannan tsarin aika log, daga 0 zuwa 7 ne, ni ina tsayawa a 5, wato logging trap notifications, don a nan ne yake faɗin wane ya shiga ya canza konfig. In ka sa 7 zai cika maka faifai da surutu.

Sai SNMP, hanyar da sarba ke tambayar suwic lafiyarsa. Tsohon abu ne, tun 1988 yake, sarba na tambaya ta UDP 161 suwic na amsawa, in kuma wani abu ya faru shi da kansa ya aiko trap ta 162. Matsalar v1 da v2c ita ce kalmar sirrin da ake kira community tana tafiya a fili, kuma rabin duniya sun bar ta public. Na taɓa karɓar wani wuri da na tarar an sa private da izinin rubutu, RW, ba jerin adireshi ba kome, kamar ka sa ma shago kwaɗo uku ka rataye makullan a jikin ƙyauren. Da wannan kaɗai mutum zai iya kashe ƙofofi ko ya kwashe konfig gaba ɗaya. Inda na'ura ta iya v3, wanda aka kammala tun 2002, shi nake sawa: snmp-server group da v3 priv, sai snmp-server user da auth sha da priv aes 128, kalmomin sirri biyu daban, kowace aƙalla haruffa 8. Kar ka tsorata in ka yi show running-config ba ka ga user ɗin ba, haka Cisco ke yi, show snmp user ne ke nuna shi, kuma wannan na nufin ranar da ka maido konfig a sabon suwic sai ka sake buga layin da hannu. Inda kuma ƙaramin suwic ne da v2c kaɗai ya sani, to karatu kawai, RO, kalma doguwa, a ɗaure ta da adireshin sarba.

Manhajar da za ta tara bayanan ba na jayayya a kanta. LibreNMS ya fi sauƙin farawa, ka ba shi adireshi ya gano ƙofofi da maƙwabta da kansa ta LLDP ko CDP, hanyoyin da na'urori ke sanar da maƙwabta kansu. Zabbix ya fi wuyar koyo amma ya fi biyayya in ka saba, shi nake amfani da shi. PRTG kyauta ne har sansa 100, sai dai suwic biyu masu ƙofa 48 sun kusa cinye su. Wanda duk kayansa MikroTik ne The Dude ya ishe shi. Duka kyauta ko kusa da kyauta, tsohon ordinatar mai RAM 4 giga ya isa wuri ƙarami.

Abin da littattafan da aka rubuta a Faransa ko Amurka suka fi damuwa da shi shi ne yawan zirga-zirgar bayanai, wace ƙofa ta cika. Mu nan gaskiya ba shi ne ciwonmu ba, suwic mai gigabit ne a bayan intanet ɗin da ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na haka ba, yaushe zai cika? Abin da nake fara dubawa kowace safiya uptime ne, wato tun yaushe yake kunne. In na ga na wani reshe ya koma sifiri sau da yawa a yini alhali an ce akwai ondular, akwatin batirin da ke riƙe wuta in kuran ya tafi, to batirin ondular ɗin ya mutu, ba sai na je ba, kuma show version zai ce returned to ROM by power-on, ka san wuta ce ba lalacewa ba. Lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, mu da layinmu ke zuwa daga Katsina mun ga abin da idonmu, zanen uptime ya zama haƙoran zarto, kuma da shi na iya nuna ma wani Alhaji dalilin da ya sa gara ya sa fano biyu da batir ga kofre kaɗai da ya yi ta sayen ondular duk bayan ƴan watanni. Da baki na faɗa mishi bai yarda ba, da na juya mishi allon ya ga layin yana faɗuwa yana tashi sai ya ce "to Malam, nawa ne fanon?"

Na biyu zafi. Cisco 2960 an yi shi ya yi aiki har digiri 45 na iskar ɗaki, mu kuwa a Afrilu da Mayu waje kansa ya wuce 40, balle ƙaramin ɗaki mai rufin kwano da aka kashe kilim ɗinsa ƙarfe biyar don tsimin wuta, kofre a rufe ruf. Wasu tsoffin ba sa ba da lamba, show env all zai ce maka OK kawai ko ya ce akwai matsala, amma ko wannan ya isa ka sa ƙararrawa a kai, musamman fanka. Bayan hunturu in ka buɗe bayan suwic za ka ga ƙura ja ta yi kamar auduga a ragar fankar, ta toshe, kuma zafin bazara na biye da ita kai tsaye, don haka ƙarshen Fabrairu nake bi da bulowa ina hurewa.

Na uku kurakuran ƙofa, CRC da input errors, wato lissafin saƙonnin da suka iso a lalace. Ƙofar da lambar nan ke hawa kullum kabul ɗinta ne, ko an matse kan da hannun gaggawa, ko ya wuce mita 100, ko irin kabul ɗin nan ne mai arha na kasuwa, alminiyom da aka shafa ma jan ƙarfe, wanda in ka kankare shi da wuƙa sai ka ga fari. Haka in ka ga ƙofar da ya kamata ta hau 1000 ta tsaya a 100, gigabit na buƙatar wayoyi takwas duka, ɗaya ta karye sai ya sauko shiru ba tare da ya gaya ma kowa ba. Da damina kuma kabul ɗin da aka ja ta sama daga gini zuwa gini, tsawa ɗaya ta ƙone ƙofar, irin wannan fiba ce maganinsa. Sai saƙon MACFLAP a log, in ka gan shi yana zubowa to wani ya ga kabul yana reto ya cusa kansa a ƙofa ta biyu don taimako, ya yi madauki, spanning-tree bpduguard a ƙofofin ma'aikata na kashe wannan tun kafin ya kwantar da gidan. Wani ɗan abu kan zanen zirga-zirga, in ka ga wasu ƙahoni na hauka: ma'aunin 32-bit yana cika ya koma sifiri cikin daƙiƙa 34 a gudun gigabit, a 100 mega kuma ƙasa da minti shida, kai kuma kana tambaya duk minti biyar. Ka sa manhajar ta karanta na 64-bit, ifHCInOctets, wanda v1 ba ya iyawa.

Ƙararrawa ina tura ta Telegram, Zabbix na da shi a ciki. Amma ka rage su. In ka sa duk ƙofar da ta faɗi ta aiko saƙo, kowace yamma da ma'aikata suka kashe ordinatar wayarka za ta yi ta kuka, sati biyu ka daina dubawa, ranar da ta gaske ta zo ta wuce ka. Uplink, wato ƙofar da ke haɗa suwic da rutar ko wani suwic, ƙofar sarba, ƙofofin kamara da na Wi-Fi, zafi, fanka, uptime, sun isa. Kuma ka sa jinkirin minti biyar don kar duk sauyi daga kuran zuwa gurup ya tashe ka daga barci. Sarbar sa-idon kanta kar ta zauna kan wuta ɗaya da abin da take gadi, in ba haka ba su mutu tare ba mai kai labari.

To ta ina ake shiga daga nesa? Nan mutane ke yin ɓarna. Wanda ya samu adireshi na fili sai ya buɗe 22 ko 8291 na Winbox kai tsaye ga intanet don ya huta. A 2018 wani rami da aka gano a Winbox ya sa an kwashe modapas na dubban rutar MikroTik a duniya, a shekarar nan dai aka yi ta shiga suwic ɗin Cisco ta Smart Install, ƙofar 4786, wanda masu su ba su ma san a buɗe yake ba (no vstack ke kashe shi, ka buga shi a duk 2960 da ka saya sakan). Kar ka ce wa ya san da ɗan biro ɗinmu a Damagaram, ba mutum ne ke nema ba, injina ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana, ka buɗe 22 ka duba log bayan awa ɗaya za ka ga baƙi daga ƙasashen da ba ka taɓa jin sunansu ba suna gwada admin admin.

Yawancinmu ma ba mu da adireshi na fili. In da pus ɗin 4G kake, ko Starlink na gida, galibi kana bayan CGNAT ne, wato kamfanin ya haɗa ku da yawa kan adireshi na fili ɗaya, ka duba adireshin WAN ɗinka in ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 to shi ne, duk buɗe ƙofar da za ka yi a rutar banza ce. Dabarar ita ce reshen ne zai kira waje. Ka yi hayar ƙaramar sarba mai adireshi na fili, ƴan jikkuna a wata, wahalarta kawai katin biya, ka sa mata WireGuard, manhajar da ke buɗe tinel ɗin, rutar kowane reshe ya haɗu da ita, kai ma wayarka da ordinatar ɗinka su haɗu, sai ku gamu a can. MikroTik na da WireGuard daga RouterOS 7, ka sa persistent-keepalive 25 don kar CGNAT ya manta da kai, kuma a cikin tinel ɗin VLAN 99 kaɗai za ka bari ya wuce, ba rezon gidan duka ba. Wanda ba ya son hayar sarba ya duba Tailscale ko ZeroTier. SNMP da syslog ma ta cikin tinel ɗin suke biyowa, ba sa cin forfe sosai.

Duk da haka akwai ranar da allo zai yi ja gaba ɗaya, rutar da suwic da kome, nan ba SSH ɗin da zai cece ka, lambar gardi ce. Na reshen Magarya dattijo ne, na manna mishi takarda mai launi a jikin kowace na'ura. In na kira na ce "Baba ina wuni, don Allah a leƙa min akwatin bangon nan, mai jan tambari fitilarsa na ci?" sai ya ce "Ɗana bari in ɗauko makulli," in ji takunsa, in ji ƙarar kofre, sai ya ce "mai ja shiru, mai kore na ƙyaftawa, amma ga cajar waya a inda baƙar igiyar nan take shiga." Ka ji, an zare suwic an sa waya caji. Tun daga lokacin miltipiriz ɗin ya koma cikin kofre, makulli kuma wurin Baba.

Konfig kuma ka riƙa kwafe shi waje duk sanda ka canza wani abu, ko da hannu ko da Oxidized da ke bi yana ɗauka da kansa, don suwic ɗin da tsawa ta kashe ba ya ba da konfig. Modapas ɗin gudanarwa da na SNMP da makullin WireGuard nakan rubuta su a takarda in sa a ambulan in liƙe in ba mai wurin hannu da hannu ya sa a sef, in ce mishi "Alhaji wannan naka ne, kar a buɗe sai in ba ni." Wurare da dama da na gada sai da na danne maɓallin Mode na tayar da suwic ɗin na yi password recovery, saboda wanda ya saita shi ya koma Yamai da modapas ɗin a kansa kuma lambarsa ba ta shiga.